Ayabar Ranar Juma'a

A ƙauyenmu Naga Tamim in ka tambayi gidan Atiyat, da haɓa za a nuna maka, sannan a ce ka shiga da haƙurinka. Masifaffiya suke ce mata. Waɗanda suka fi kowa faɗar haka kuwa su ne mazan da suka shekara biyu suna kai wa mijinta ajalinsa a hannun riga, kowace Juma'a, da sallamarsu da murmushinsu. Ba na jin nauyin faɗa, don mutanenmu ne, na san halinmu sarai. Mu ba ma zuwa dubiya hannu rabbana, kuma ba mu da abin kaiwa sai ayaba, tunda ita muke nomawa tun daga bakin kogi har titin jirgin ƙasa.

Atiyat 'yar mai kwalekwale ce. Ubanta ya shekara arba'in yana tsallakar da mutane kafin a gina gada, a gefensa ta koyi ɗaga murya, don wanda ba ya iya kira daga wannan gaɓa a ji shi a waccan ba ya samun fasinja. Makaranta ba ta shiga ba. Tana da shekara ashirin da biyu aka kai ta gidan Hifni, bayan shekara uku aka ba ƙaninsa Abul-Wafa ƙanwarta Nabawiyya, dattawa suka ce an ɗaure zumunci ta yadda ba zai kwance ba.

Hifni dogo ne, marar magana, ga kunya kamar me. Irin mutumin nan ne da in baƙo ya taka masa ƙafa shi zai ba da haƙuri. Tare suka yi gonar. Shi ya sare uwar ayaba bayan ta ba da nononta, ita ta zaɓi 'yar da za a bari ta gaje ta. Shi ya tokare nono da sanda kada nauyi ya karya shi, ita ta ɗauko a ka zuwa bakin hanya. Kafin karin kumallo yakan ci biyar a tsaye cikin gona, kuma shekara arba'in ba su taɓa sa masa ko ciwon kai ba.

Zumuncin da aka ce ba zai kwance ba kuwa, ruwa ne ya kwance shi. Da uban su Hifni ya rasu aka raba gona biyu, magudana ɗaya, kowa da ranarsa. Wata bazara mai zafi Abul-Wafa ya buɗe ruwa ranar yayansa, dashen Hifni na layi goma sha biyu ya ƙone. Aka faɗi maganganu. Shekara goma sha tara ba gaisuwa, masallaci ɗaya amma kowa da sahunsa. Atiyat da Nabawiyya sai a kasuwar Talata suke haɗuwa, a bayan mai kifi, su yi hira a gurguje kamar marasa gaskiya.

Yana da shekara sittin da shida ƙafafunsa suka fara kumbura. Dama ya daɗe da ciwon suga da hawan jini, yana shan magani ranar da ya tuna. A asibitin birni aka ce ƙodarsa ta gama aiki, sai wankin jini da inji: Asabar, Litinin, Laraba, awa huɗu-huɗu. Likitar ɓangaren, Dakta Mariyan, matashiya ce mai ƙaramin zanen gicciye a wuyan hannu, kuma ta iya magana da manoma.

“Hajji Hifni, wane taki kake zuba wa ayaba in ta fara fitar da nono?”

“Fotash mana, 'yata. In ba shi ba ai sirara za ta fito, ba mai saye.”

“To shi ɗin nan ayaba take sha ta tara a jikinta. Mu fotasiyam muke ce masa. Mai lafiya in ya ci, jikinsa ya ɗebi abin da yake so, ƙoda ta zubar da saura a fitsari, har ma amfaninsa yake yi. Kai taka ta daina zubarwa. Duk abin da ka ci yana nan a jininka sai inji ya cire. In ya taru ƙafa ta yi nauyi, leɓe ya mutu, sannan zuciya ta rikice ta tsaya. Kuma ba ta ba da sanarwa.”

“Ko guda ɗaya?” Hifni ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

“Kai dai a yadda jininka yake, na ce a bari. Da dabino, da ruwan rake, da baƙar zumar rake. Ranar da na fi jin tsoro kuma Juma'a ce. An wanke ka Laraba, ba a sakewa sai Asabar. Juma'a da yamma jininka a cike yake.”

Atiyat ta matso da kujerarta. Ta ce ita ba ta karatu, amma a nuna mata inda lambar take a takardar gwaji. Likita ta ɗora yatsa a kan layin.

“In kin ga huɗu ko biyar, ki gode Allah. In kin ga shida, ki kawo min shi a guje.”

“In na ga bakwai fa?”

Dakta Mariyan ta ninke takardar ta miƙa mata, ta ce kada ta bari a kai can.

Daga ranar kicin ɗin Atiyat ya canja. Dankali ta yanka shi ƙanana ta jiƙa tun safe, ta tafasa, ta zubar da ruwan, ta sake sabo. Tumatir ya koma na ganin ido a miya. Dabino ta kulle a akwatin aurenta, tulun zumar rake ta kai wa maƙwabta. Ita kanta ta daina cin ayaba, don kada ya ji ƙamshi a bakinta ransa ya biya. Ɗansu Sabri da ke aiki a Kuwait ya turo hoton bidiyo na wani mai farar riga yana cewa ayaba na sauke hawan jini, a riƙa ba Baba biyu kullum. Ta sa aka ɗauki muryarta aka tura masa.

“Sabri, wannan mai rigar ya taɓa ganin takardar ubanka? Masu ƙoda mai aiki yake wa magana. In ka gaji da uban naka ka faɗa min baki da baki, ba sai ka aiko ta waya ba.”

Cikin gida ta ci nasara. Matsalar tana mandara, ɗakin baƙin maza da ke bakin ƙofa, wanda mace ba ta shiga matuƙar akwai takalmin baƙo a waje. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maza sukan biyo ta gidan mara lafiya su zauna har la'asar. Kuma a al'adarmu mai dubiya ba ajiye abin da ya kawo yake yi ya tafi ba. Da hannunsa zai ɓare ya miƙa, a ci a gabansa. Wanda ya ƙi karɓa ya ce masa ke nan abincinsa bai kai ba, ko shi kansa bai kai ba. Wannan wauta muka gada, kuma muna alfahari da ita.

Sai Atiyat ta ɗauki kujera 'yar tsuguno ta kafa a bakin ƙofar gida. Duk mai leda ta karɓe.

“Ummu Sabri, wannan fa ba ta kasuwa ba ce,” in ji Dandarawi maƙwabcinsu, mai tumbi da yawan dariya. “Ta gonata ce, a bishiya ta nuna, ko feshi ban yi mata ba.”

“Ko daga Makka ka zo da ita, ajiye ta nan.”

“Mutum ya shekara sittin yana cin abu, yau a ce guba ne? Likitocin nan sun ga ba su da abin yi ne.”

“Kai da ka san abin yi, sai ka je ka wanke masa ƙodar a magudanar gonarka.”

Gari ya ɗauka. Aka ce ta mallake Hifni, tana horar da shi da yunwa. Aka ce rowa ce, ayabar da take karɓewa kasuwa take kaiwa. Mata a wurin gasa gurasa suka ce da wata ce da tuni an mayar da ita gidan ubanta. Duk tana ji, ta toshe kunne, don takardar Asabar tana nuna biyar.

Sai wata Asabar takarda ta nuna shida da ɗoriya. Likita ta dube ta da irin kallon da ake wa wanda aka ba amana ya yi barci. Atiyat ta dawo gida ranta a dagule, ta zazzage kicin ba ta ga inda ta yi kuskure ba. Juma'ar da ta biyo baya tana zaune a kujerarta sai ta lura ba ta jin kukan akuyarta. Ta zagaya bayan gida. Ga akuya nan tsaye ƙarƙashin tagar mandara, kai sama, tana jira. Atiyat na kallo ɓawon ayaba ya faɗo ta tagar, akuya ta cafe tun bai taɓa ƙasa ba. Ashe a cikin faffaɗan hannun jallabiya suke shigowa da ita. Dattawa masu furfura, masu jikoki, suna ɓoye ayaba a hammata don su yaudari mace ɗaya.

Ta jira har takalmin ƙarshe ya bar ƙofa.

“Abu Sabri, nawa ka ci?”

“Me fa?”

“Kada ka sa akuya ta fi ka gaskiya.”

Ya sunkuyar da kai yana murza carbi. “Mutum ya ɓare da hannunsa, ya miƙo min a gaban jama'a. In ce masa me? In ce matata ta hana?”

“Ka ce likita ta hana.”

“Mace ce ta hana ke nan dai.”

“To ai mace ce za ta zauna takaba, ba Dandarawi ba. Shi zai ci shinkafar zaman makokinka ya ce ta yi gishiri. Shekara arba'in da huɗu ina ɗaukar maka kaya a ka, wuyana har yau ba ya juyawa dama, sakayyata ita ce ka mutu don kada Dandarawi ya ji kunya?”

Hifni bai taɓa cin ta a magana ba, bai kuma taɓa canja hali don an ci shi ba. Washegari ta samo ƙusoshi ta buga wa tagar raga. Ta bi gidajen mazan ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a ƙofa ta faɗa musu da muryar nan ta bakin kogi cewa duk wanda ya sake, za ta bi shi har masallaci ta kira sunansa. Suka yi tsuru-tsuru, suka rantse, suka zage ta bayan ta wuce. Tsawon wata bakwai lamba ba ta ƙara wuce biyar ba. Hifni har ya koma zagaya gona da sanda da sassafe.

Sannan makon nan ya zo. Ranar Laraba motar ɗan kasuwa ta iso ɗaukar ayaba tun kafin lokacin da aka yi da shi. Hifni yana kan inji aka kira shi a waya. Atiyat ta fita sayo gurasa, kafin ta dawo ya lallaɓa ma'aikaciya, ya sa hannu a takarda cewa shi ya nema, an cire shi bayan awa biyu. Ta yi faɗa tun daga ƙofar asibiti har gada, yana cewa Asabar ai kamar gobe ce.

Alhamis sai ga saƙon dattawa. Sun shawo kan Abul-Wafa, gobe bayan Juma'a zai zo ya gaida yayansa, a yi sulhu, limami Shaikh Ridwan zai halarta. Hifni ya ji, ya juya fuska bango yana share ido da hannun riga. Ita ma Atiyat ta yi murna, ba za a ce ba ta yi ba. Amma ta yafa mayafi ta tafi gidan ƙanwarta, karo na farko cikin shekara goma sha tara.

“Ki faɗa wa mijinki ya zo da hannunsa kawai. Rabin wanki aka yi wa yayansa.”

“Yaya, kin san shi fa,” in ji Nabawiyya. “Bayan shekaru haka ya shiga hannu rabbana? Ai sai ya ce na raina shi.”

“Ki faɗa masa dai.”

Ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, Abul-Wafa ya iso da nonon ayaba guda a kafaɗa, jawur, wanda ya sara daga layin da ke bakin magudanar da aka yi rigima a kanta. Bayansa maza sun fi ashirin. Atiyat ta miƙe ta tare ƙofa.

“Ummu Sabri, yau ba ranar wannan ba ce,” in ji Shaikh Ridwan. “Alama ce kawai. A kusurwa za a jingine ta, ba mai taɓawa. Ni na tsaya.”

Limami ya ce ya tsaya, me za ta ce? Ta kauce. Ta jawo kujerarta har jikin ƙofar mandara ta kasa kunne. Ta ji an rungume juna, ta ji kukan manyan maza, ta ji an yi Fatiha. Abin da ba ta ji ba shi ne dabinon da ya fito daga aljihun wannan da ruwan raken da Dandarawi ya shigo da shi a butar shayi, wai ranar farin ciki ce. Daga baya ta sani. Abin da ta ji da kunnenta shi ne ƙarar ayaba da aka ɓalle daga nono.

“Karɓi, Yaya. Daga hannuna.”

“Ƙanena, ka yi min haƙuri. Likita ta ce...”

“Har yanzu kana riƙe da ni ke nan.”

“Wallahi babu komai a raina.”

“To ka ci. Na rantse da aurena, Nabawiyya ta saku saki uku in ba ka ci daga hannuna ba. Kuma uku za ka ci. Ɗaya don Baba, ɗaya don Inna, ɗaya don ni.”

Wannan rantsuwa ita ma tamu ce. Namiji a nan ba ya iya tilasta wa baƙo ƙarin shinkafa sai ya jefa matarsa a cikin maganar, matar da take can ciki tana wanke masa tukunya, ba ta san an yi caca da ita ba.

Atiyat ta tura ƙofar da ƙafa. Wasu suka kawar da kai kamar ta shigo ba mayafi.

“Abul-Wafa, ajiye ta. Ka ƙona masa dashe bai kai ka ƙara ba, yau kuma shi ka zo ƙonawa? Rabin wanki aka yi masa. Jininsa a cike yake. Ku duka nan na bi ku gida-gida na faɗa muku. Ba ku da kunne ne, ko so kuke ku ga ya faɗi a gabanku kafin ku yarda?”

“Ji min mace,” wani ya ce daga baya. “Ayaba uku ce za ta kashe ƙato?”

“Shaikh, kai ka ce ka tsaya.”

Shaikh Ridwan ya duƙufa yana gyara rawani.

Sai Hifni ya ɗago. Fuskarsa ta yi baƙi don kunya, bai taɓa jin irinta ba. “Ummu Sabri, fita. Kin ji abin da ya rantse da shi. So kike ƙanwarki ta bar gidanta da furfura a ka, saboda ni?”

Nan ne ta tsaya. Duk faɗanta, duk muryarta, nan suka tsaya. A ranta ta ga Nabawiyya da ƙullin kaya a bakin titi, shekara sittin da uku, ba uba ba uwa. Ba ta fi numfashi biyar tana wannan tunani ba, kuma har yau waɗannan numfashi biyar ne ba ta yafe wa kanta ba. Kafin ta buɗe baki Hifni ya karɓa. Ya ci ta farko, ya ci ta biyu, ya ci ta uku, idonsa a kan tabarma. Maza suka yi kabbara.

Ta fita ta kira mai tuktuk, keken hayan nan mai ƙafa uku, tun a lokacin, ta ce ya tsaya a ƙofa kada ya motsa. Ta aika wa Hifni cewa ya fito su tafi asibiti. Ya aiko cewa mai gida ba ya tashi ya bar baƙi. Bayan la'asar ta sake aikawa, aka ce ana shan shayi na biyu. Su kuma ba wanda ya ga ya kamata ya tashi, ana ta tuna ƙuruciya ana dariya. Da na ƙarshe ya sa takalmi rana ta yi ja. Ta shiga ta same shi a inda yake zaune yana dukan cinyarsa da hannu.

“Ƙafafun nan ba nawa ba ne, Atiyat.”

Ita da mai tuktuk suka cicciɓe shi. A kan gada, daidai inda ubanta yake ɗaure kwalekwale a da, kansa ya kwanta a kafaɗarta, ya ce leɓensa ya mutu. Sun isa yana numfashi. Aka ɗebi jini, aka yi allurai, aka jawo inji, aka danna ƙirji har ma'aikacin ya jiƙe da gumi. Kafin a kira isha'i an rufe masa fuska. Ta ce a ba ta takardar. Ta nemo layin da yatsa, ta ga bakwai, da wata lamba a bayanta. Ta ninke ta sa a ƙirjin rigarta.

A zaman makoki ta bango take jin mazan. Kwana ya ƙare, in ji wannan. Allah ya so shi, in ji wancan, ya tafi bayan ya shirya da ɗan'uwansa, abincinsa na ƙarshe daga hannun ƙaninsa. Har da masu cewa dama yunwar da ake horar da shi da ita ta raunana shi. Atiyat ta san ajali na Allah ne, ba ta taɓa musun wannan ba. Amma ta san hannun da ya ɓare, ta san bakunan da suka yi kabbara.

Rana ta uku ta tare Shaikh Ridwan a ƙofa, a gaban mutane.

“Shaikh, tambaya ɗaya. Da mijina bai ci ba, ƙanwata ta saku?”

Ya yi gyaran murya. Ya ce a gaskiya, mutumin da ya yi irin wannan rantsuwa don ya tilasta wa wani abu, ba da niyyar rabuwa da iyalinsa ba, malamai da yawa sun ce aure na nan. Kaffara ce kawai, ya ciyar da miskinai goma.

“Miskinai goma,” ta ce. “Tukunyar wake ɗaya. Kana zaune a ɗakin, ka san haka, me ya rufe maka baki?”

“Ban so in ɓata taro ba, Ummu Sabri.”

Abin da ta faɗa masa ba zan maimaita ba, don mutumin yana da rai kuma yana jan mu salla. Daga ranar dai sunan masifaffiya ya zauna mata daram.

Shekara uku ta riƙe gonar da kanta, da 'yan ƙwadago. Tana sara, tana sayarwa, ba ta ci. Nabawiyya takan zo, Atiyat ta ba ta shayi. Abul-Wafa kuwa in ta hango shi sai ta tsallaka titi. Sai ga shi shi ma ƙafafunsa sun kumbura. Suga ɗaya suka gada, asibiti ɗaya, inji ɗaya, Asabar, Litinin, Laraba. Wata Alhamis Nabawiyya ta zo tana kuka. Ta ce takarda ta nuna shida, ta ce mazan suna zuwa duk Juma'a, ita kuma ba ta da bakin hana su.

Washegari Atiyat ta shiga gona ta zaɓi nonon da ya fi kowane nuna, ta ɗora a kan wuyan nan da ba ya juyawa, ta ratsa gari da shi daidai lokacin da aka sauko daga masallaci. Ba ta yi sallama a ƙofar mandarar Abul-Wafa ba. Fuskokin nan ne dai, har Dandarawi, har limami. Ta dire kayan a tsakiyar tabarma, ta ɓalle ɗaya, ta ɓare a hankali, ta miƙa wa mai gidan. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, ya koma kamar yayansa sak.

“Karɓi. Daga hannuna.”

“Ummu Sabri, likita ta ce...”

“Na san abin da ta ce, a gabana aka fara faɗa. Har yanzu kana riƙe da ni ke nan?”

Ya gane maganarsa ce. Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. Ya dubi mazan, mazan suka dubi tabarma, ba wanda ya ce kada ya ci. Hannunta na nan a miƙe. Sai ga Abul-Wafa, da shida a jininsa, da kabarin yayansa a bayan gari, ya ɗago hannu zai karɓa.

Ta buge hannun da ƙarfi har aka ji ƙarar a waje.

“Da ka ci. Wallahi da ka ci, sakarai. Kun gani? Ku ashirin kuna zaune.”

Ta wurga ayabar ta taga. Sannan ta ce kowa ya miƙe ya zazzage hannun rigarsa, har limami. Suka miƙe. Ayaba bakwai suka faɗo a kan tabarma, biyu daga jikin Dandarawi. Ta tattara su ta haɗa da nata nonon ta fitar, ta ce wa Nabawiyya ta kawo mata kujera 'yar tsuguno.

Tun daga ranar, duk Juma'a tana nan a ƙofar Abul-Wafa, daga saukowa masallaci har takalmin ƙarshe ya tafi. Ba ta gaishe shi, in ya gaishe ta ba ta amsawa, ba ta yafe masa ba kuma ba ta ɓoye hakan. Ranar Asabar da yamma Nabawiyya takan kawo mata takarda. Atiyat ta nemo layin da yatsa, ta ga biyar, ta mayar mata. Tata takardar mai bakwai tana nan a ƙirjin rigarta, ninkin ya fara yagewa.